Alewar da Ke Nuna a Cikin Duhu

Tsohuwar da na zauna haya a gidanta a birnin Lansin, a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, tun daga kakar 1974 har zuwa tsakiyar 1976, sa'ad da nake neman ilmin aikin gona a jami'ar da ke maƙwabtaka da birnin, tana da waɗansu gwangwanaye guda tara masu faɗin faifai, waɗanda wata goma sha ɗaya na kowace shekara suke zaune wayam a kan kanta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba mai waiwayarsu, har sai Asabar ta farko ga watan Disamba ta kewayo, sa'an nan a hauro da su, a wanke, a goge, a jera bisa teburin ɗakin girki kamar kwanonin amarya ranar jere. A wannan rana 'ya'yanta mata uku sukan zo daga garuruwan da suke aure, kowace da yaranta, ana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalma a bakin ƙofa. Kuma tun daga hantsi har bayan isha'i ba abin da ake yi a gidan sai wata irin alewa guda ɗaya, wadda ba za a ɗanɗana ba sai bayan kusan mako uku, daren Kirsimeti.

Alewar nan, in an bi ta daga ciki zuwa waje, hawa uku ce. A can tsakiya akwai ɗan itacen da Turawa ke kira ceri, Larabawa kuwa karaz, wanda ba mu da sunansa da Hausa saboda ba ya yi a ƙasarmu, tun da itacensa ba ya fure sai ya sha sanyin hunturu mai ƙanƙara ya yi barci. Girmansa kamar na ɗinya, yana da ƙwallo guda wanda akan cire, da ɗan siririn tsinke wanda yake reto da shi a reshe, shi kuwa akan bar shi don a sami mariƙi. Ana naɗe ɗan itacen da wani farin ƙulli na sukari, sa'an nan a tsoma duka a cikin narkakken cakulan, ya daskare ya zama ɓawo. Ranar da aka yi ta, in ka gatsa, sai ka ji ƙullin nan da tauri, zaƙi zalla ba armashi. Amma in aka rufe ta a gwangwani, aka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, aka ƙyale ta, sai farin ƙullin ya riƙa narkewa da kansa a cikin ɓawonsa, ba wuta, ba hannun kowa, har ya koma ruwa mai kauri kamar zuma, ɗan itacen yana iyo a ciki, ta yadda wanda bai sani ba, in ya kai mata haƙori da garaje, sai ya tarar da rabinta a gaban rigarsa. Ni ma da rigata na biya kuɗin wannan karatu.

Farkon abin da na tambaya, kamar yadda ya wajaba ga Musulmi baƙo wanda shubuha ta kewaye akushinsa, shi ne ko da giya a ciki, domin na riga na sami labarin cewa a Turai, inda sana'ar ta samo asali, a cikin barasa ake jiƙa 'ya'yan kafin a lulluɓe su, kuma har yau irin wadda kamfanin Ferrero na Italiya ya fito da ita a 1956 da sunan Mon Chéri da barasarta ake sayar da ita. Tsohuwar ta ajiye cokali, ta dube ni ta saman tabarau kamar wadda aka yi wa ƙazafi, ta ce, "Ɗana, giya ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar uwata ba, ba kuwa za ta fara a nawa ba." Ashe 'yar ɗariƙar Metodis ce, mutanen da tun ƙarni na 19 suka ɗauki yaƙi da shan giya tamkar wani rukuni na addininsu, har wani likitan haƙori daga cikinsu, Thomas Welch, ya gano a 1869 yadda za a dafa ruwan inabi ya zauna bai tsima ba, don a riƙa amfani da shi a ibadarsu maimakon giya, kuma jiharta ta Mishigan ta rufe mashaya tun 1918, kafin dokar haramci ta game ƙasar baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933. Daga wannan tambaya tawa, wadda na yi ina ɗar-ɗar kada in ɓata mata rai, aminci ya ƙullu tsakaninmu, har ta riƙa nuna ni ga matan cocinsu da alfahari, wai ga yaron da ya zo daga Afirka ba ya sha.

Aikin yana farawa tun daren Juma'a, sa'ad da ake juye kwalaben ceri, a tsane 'ya'yan daga jan ruwansu, a shanya su ɗai-ɗai bisa tawul su kwana, domin danshi shi ne babban abokin gabar cakulan, ɗigo guda in ya faɗa cikin tukunya sai ya dunƙule ya ƙi tsomuwa. Da safe sai tsohuwar ta ɗora sukari da ruwa, ta tsaya a kai har ya kai matsayin da in an ɗiga shi a ruwan sanyi zai dunƙule da laushi tsakanin yatsu, ta kwarara shi bisa wani allon dutse mai santsi da ta gada daga uwarta, ta bari ya huce, sa'an nan ta shiga juya shi da ƙarfe tana ninkewa, hannunta yana rawa don gajiya amma ba ta yarda a karɓe ta ba, har ya rikiɗa daga garai-garai ya koma fari fat, kamar yadda mai alewa ke jan tasa a jikin turke har ta yi fari. Naɗi aikin yara ne, kowane da ɗan curinsa yana mulmulawa a tafin hannu, ana yi musu tsawa in sun kai yatsa baki. Amma tukunyar cakulan, wadda ake ɗorawa bisa wata tukunyar ruwan zafi don kada wuta ta taɓa ta kai tsaye, ba mai kusantarta sai ita. Dalili kuwa shi ne, man da ke cikin ƙwayar koko yana iya daskarewa ta fuska shida, kuma fuska ɗaya ce kaɗai daga cikinsu ke ba da ɓawo mai sheƙi wanda ke karyewa ƙaras, ya jure ɗumin yatsa amma ya narke a harshe, ba a kuwa samun wannan fuska sai an narkar da shi zuwa wajen digiri 45, an sauke shi zuwa 27, an sake ɗaga shi kaɗan zuwa 31 ko 32, an kuma riƙe shi a nan muddin ana tsomi. Ma'aunin zafi yana nan a aljihun tebur, kyautar ƙaramar 'yarta, ba ta taɓa fitar da shi daga kwalinsa ba. Leɓenta na ƙasa shi ne ma'auninta: ta ɗan dangwala, ta yi shiru tana duban rufi kamar alƙalin da ke sauraron shaida, in ta ce "Yanzu", sai hannuwa huɗu su duƙufa, a kama tsinke, a tsoma, a ɗaga, a girgiza sau biyu, a dire bisa takarda mai kaki. Bayan sun daskare kuma sai a bi gindin kowace ɗaya a liƙe da ɗan ƙarin cakulan, domin ƙofar da ba ta fi bakin allura ba ta isa ta zubar da ruwan duka a cikin gwangwani.

Maza suna can falo suna kallon ƙwallo a talabijin. Ni da ban san dokokin ƙwallonsu ba, aka ba ni aikin rubuta kwanan wata a murfi da sauka da gwangwanaye. Da a gidanmu ne, da tuni an koro ni da muciya. A bakin wannan tebur na ji abin da ba a faɗa a falo: wadda ke da juna biyu ba ta gaya wa miji ba tukuna, da wadda mijinta ya rasa aiki a masana'antar mota a wannan shekara da tsadar mai ta durƙusar da cinikin motoci, da labarin marigayi maigidan, wanda kowace shekara sai an maimaita yadda aka kama shi da tsakar dare a kan matakala da gwangwani a hammata.

Sirrin narkewar yana cikin wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, wadda take ɗiga kaɗan daga cikinta a farin ƙullin, tana ce mata "magani". Ni kuwa, da ɗokin ɗalibin da bai daɗe da haddace babi ba, na tashi na yi mata sharhi: cewa sunansa inbatas, daga yisti ake fitar da shi, aikinsa shi ne ya raba kowace ƙwayar sukari gida biyu, sukarin inabi da sukarin 'ya'yan itace, waɗanda in sun haɗu suka fi uwarsu saurin narkewa, har ɗan danshin da ke jikin ceri ya ishe su su zama ruwa, kuma cewa da irin wannan sinadari ne Ubangiji ya hore wa ƙudan zuma mayar da ruwan fure zuma. Ta saurare ni har na kai aya, ta ce, "To madalla, tun da ka san shi haka, ka gaya masa ya yi sauri mana." Ban sami amsa ba, domin in aka kai shi wurin ɗumi don ya gaggauta, ɓawon ya lalace, in aka sa shi a firiji, ya yi sanyin jiki ya kusa tsayawa, wa'adinsa yake bi, mako biyu ko fiye, a ɗaki mai sanyi daidai wa daida. Wannan wa'adi kuwa ya faɗo a cikin makonnin da Kirista ke kira lokacin jiran zuwa, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, inda kowace Lahadi ake ƙara kunna kyandir guda; saboda haka yaran gidan, waɗanda ba su gane wa'azin limaminsu ba, sun san ma'anar jira ta hanyar gwangwanayen da ke ƙarƙashin ƙafafunsu, kamar yadda yaron da ya fara azumi ke sanin tsawon la'asar ta hanyar ƙanshin ɗakin girki. Ba a kulle ɗakin. Wanda ya saci guda kafin lokaci ba a dukansa, don hukuncinsa yana cikin abin da ya sata.

Daren bikin akan buɗe gwangwani guda a gida, sauran takwas kuwa su fita: ɗaya ga limamin cocinsu, ɗaya ga mai kawo wasiƙu, ɗaya ga wani tsoho maƙwabci da matarsa ta rasu, sauran ga 'ya'ya da surukai. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce, abin ciki kyauta ne, gwangwani kuwa aro ne, kafin ƙarshen Janairu sai ya komo, galibi da 'yar takardar godiya a ciki. Ban yi bikinsu ba, ba su kuma nemi in yi ba. Na zauna a gefe da shayina sa'ad da suke waƙe-waƙensu, aka miƙo mini faranti, na karɓa da haƙƙin maƙwabtaka, kamar yadda ita ma ta karɓi naman da na kawo mata ranar Babbar Salla, wadda a wannan shekara ta 1974 ta faɗo kusan rana ɗaya da bikinsu.

In ka tambayi kowa a gidan tun yaushe ake wannan aiki, sai ya ce tun kaka da kakanni. Na kuwa yarda da haka, har sai da na bi isnadin riwayar na tarar gajere ne ƙwarai. Cakulan da ake ci, ba wanda ake sha ba, bai samu ba sai bayan da gidan Van Houten a Holan suka fito da injin matse mai daga ƙwayar koko a 1828, kamfanin Fry a birnin Biristol na Ingila ya zuba sandar farko a 1847, Rodolphe Lindt kuma a birnin Ban na Suwizalan ya gano a 1879 yadda za a yi ta tuƙa shi sa'o'i masu yawa har ya yi laushin da zai lulluɓe abu sumul. Jan ceri na kwalba ya fi wannan ƙuruciya. Asalinsa wani ɗan ƙaramin iri ne mai tsami, maraska, na gaɓar Dalmashiya wajen birnin Zadar, a ƙasar Kuroshiya ta yau, wanda ake adanawa a cikin barasar da aka yi da shi kansa, abincin attajirai da manyan otal; da Amurkawa suka fara kwaikwayonsa da nasu irin, sai hukuma ta yanke a 1912 cewa lalle ne a rubuta a jikin kwalba cewa kwaikwayo ne. Daga 1925 wani malamin aikin lambu a kwalejin noma ta jihar Oregon, Ernest Wiegand, ya shafe kimanin shekara shida yana neman yadda za a jiƙa ceri a ganga ba tare da ya ruɓe ya yi lugub ba, har ya dace da zuba gishirin kalsiyam a ruwan jiƙon. Ruwan nan yana tsotse launin ɗan itacen da ɗanɗanonsa ƙaf, ya bar shi fari sol, sa'an nan a ɗura masa sukari, a rina shi ja, a ba shi ƙanshin almon. A 1940 hukuma ta sallama, ta ba kwaikwayo sunan asali. Watau dai abin da tsohuwar ke shanyawa bisa tawul, ta girme shi.

Da na matsa mata, sai ta ba ni labarin yadda yake. Mahaifinta manomin ceri ne a arewa, wajen garin Traverse a bakin Tafkin Mishigan, yankin da wani ɗan mishan mai suna Peter Dougherty ya fara dasa itacen a 1852, wanda daga baya ya zama cibiyar nomansa a ƙasar. Ceri kuwa a watan Yuli yake nuna, 'yan makonni ƙalilan ya wuce, saboda haka ganinsa a Disamba, tsakiyar ƙanƙara, tamkar ganin ɗanyar masara ne a watan Maris. A shekarun karayar arziki da suka biyo bayan 1929, sa'ad da akwatin alewar kanti ya fi ƙarfin aljihun manomi, alhali kuwa kunya ba ta barin mutum ya shiga gidan suruki hannu rabbana, sai uwarta ta ga hanyar yin ta a wata mujallar mata, ta gwada. Kuma abin dariya, ko abin tausayi, shi ne cewa mijin yana sayar da amfanin gonarsa ga masu ganga da araha a Yuli, matar tana sayo shi a kwalba da tsada a Disamba, ya canja launi har ubangidansa ba zai shaida shi ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka ƙayyade sukari da kati daga 1942 har 1947, tun Satumba suke shan shayi ba zaƙi don su tara na Disamba. Hakika abin da jikoki ke rantsuwa da shi a matsayin gargajiya, bidi'a ce ta zamanin kakarsu, wadda talauci ya haifa, kayan masana'anta suka raina. Ban faɗi wannan don in rage mata daraja ba. Na dai daina gaskata masu cewa al'ada sai ta tsufa take samun hurumi, tun ranar da na ga mata huɗu da yara goma sha ɗaya suna kiyaye dokokin wata girke-girken mujalla kamar waɗanda aka yi wa wasiyya.

Akwai kuma wani abin da ni kaɗai na sani a wannan ɗakin girki, ban kuwa faɗa ba. Kawuna, wan mahaifiyata, ya bi hanyar da fataken goro suka daɗe da shara zuwa Kurmi, ya yi shekara ashirin yana aikin gonar koko a ƙasar Asante, bayan Kumasi, a bisa tsarin da suke kira abusa, inda mai kula da gona ke ɗaukar sulusin amfani, mai gona ya ɗauki sauran. Ƙasar nan, wadda a dā ake kira Gwalkwas, tun da Tetteh Quarshie ya komo da iri daga tsibirin Fanando Po a wajajen 1879, ba ta yi shekara talatin da 'yan kai ba sai da ta wuce kowace ƙasa a duniya wajen fitar da koko, kuma da yawa daga hannuwan da suka ɗaga ta na mutanen arewa ne da baƙi irin kawuna. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita, ya dawo mana da akwati guda da tabon adda a hannu. Shi ne ya bayyana mini, muna zaune a zaure, yadda ake fasa ƙwanson, a tara ƙwayoyin da farin yauƙinsu bisa ganyen ayaba, a rufe da wani ganyen, a bar su kwana shida suna zafi da kansu a cikin duhu, ana juyawa, kafin a shanya a rana. Ya ce wanda ya yi gaggawar buɗewa, kokonsa zai fito da launin toka, mai awo ya ƙi shi. (Mu yara a lokacin mun ɗauka kokon da ake sha da ƙosai yake nufi, muna mamakin yadda mutum zai tafi har Kurmi don abin da ake damawa a kowane lungu.) Saboda haka da na tsaya a Lansin ina rubuta kwanan wata a murfin gwangwani, sai na ga cewa alewar nan sau biyu ake rufe ta a jira, sau ɗaya a ƙarƙashin ganye a Asante, sau ɗaya a ƙarƙashin gida a Mishigan, kuma masu jiran nan biyu ba wanda ya san da ɗan'uwansa.

Na sake komawa Mishigan a Disamba 2012, da furfura, wajen wani taron masana aikin gona, na nemi zuriyar tsohuwar, wadda ta daɗe da barin duniya, na sami jikarta, ɗaya daga cikin yaran nan masu mulmula curi, ta zama ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya biyu. Shekarar ta zo wa manoman ceri da musiba, domin a watan Maris an yi wani zafi irin na bazara wanda ya ruɗi itatuwa suka farka kafin lokaci, sa'an nan sanyi ya komo dare bayan dare ya ƙone furen, har jihar ta yi asarar kusan kashi 90 cikin 100 na cerinta mai tsami. Amma wanda ya shiga babban kanti ba zai san an yi ba, tun da ga ɗanyen ceri nan jajir an kawo daga ƙasar Chile, inda Disamba ke farkon bazara, ga kuma akwatunan alewar nan ta kamfani, Queen Anne da Cella's, an tsibe su a bakin ƙofa kamar tubali, da arahar da ba ta kai kuɗin kayan haɗin ta gida ba. Gonar kakan uwarta an sayar, kuma, in ji ta, inabin giya ake nomawa a wurin yanzu; na yi hamdala da tsohuwar ba ta ga wannan ba. Gwaggwanninta sun watse, wata ta bi ɗumi zuwa Fulorida, wata likita ya hana ta zaƙi. Duk da haka ta ce mini, "Baffa, ka zo ran Asabar, muna yi."

Na je. Cikin sa'a biyu aka gama. Farin ƙullin ba a dafa shi ba, garin sukari ne aka cuɗa da man shanu. "Maganin" ta intanet aka yi odarsa. Abin tsomin kuwa waɗansu 'yan faya-fayai ne da ake narkarwa a na'urar ɗumama abinci cikin minti guda, waɗanda aka cire musu man koko aka musanya da man ƙwallon kwakwa, irin wanda muke kira alayyadi, don kada a sha wahalar hawa da saukar zafi. Ba sa buƙatar leɓen kowa. Na ɗauki guda na shinshina, ƙanshin yana can nesa kamar sallamar maras lafiya. Kuma tun da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, sabili da cuta da rikicewar damina a Gana da Kwaddibuwa, waɗanda su biyu ke noma fiye da rabin na duniya, ina zaton irin wannan musanya sai ƙaruwa. Zuciyata ta so ta yi hukunci, sai na tuna cewa matar nan daga aikin dare ta fito, kuma yinin nan mai albarka da nake begensa, da gwiwoyin mata huɗu aka saye shi, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsu ko sun gaji. Wannan karon kuwa mijinta ne ke liƙe gindi, ɗansu yana rubuta kwanan wata. Abu guda ne na ga zamani bai iya taɓawa ba: da aka rufe murfi, ƙaramar 'yar ta tambayi yaushe za a ci, aka ƙirga mata a yatsu, ta ɓata fuska daidai yadda uwarta ta ɓata a gabana shekara talatin da takwas da suka wuce. Ko kamfanonin da ke zuba dubbai a sa'a guda, in dai da "maganin" nan suke aiki, sai sun ajiye su a sito sun jira.

Gwangwani uku kaɗai aka cika. Da take mayar da sauran, sai ta ce, "Ka san Kaka takan ce tara ne, amma mu takwas muka gada, mun rasa inda na taran ya shiga."

A Disamba 1976, wata shida bayan na komo gida, tsohuwar ta aiko mini da shi ta gidan waya, ta jirgin ruwa don arha, bai iso Zariya ba sai cikin Fabrairu, sanyin hunturu ya fara janyewa. Da na buɗe, ɓawon ya yi fari-fari saboda narkewa da sake daskarewa a hanya, kusan rabi sun fashe sun manne da takarda, amma na tsakiya suna nan lafiya, sun nuna har sun gaji da nuna. Ran Juma'a na ɗauka na kai wa kawu, Allah ya jiƙansa, na same shi a zaure bayan an sauko daga masallaci, na ce masa ga abin da Turawa ke yi da wahalarsa. Shekara ashirin yana noma koko, bai taɓa sa shi a baki ba. Ya ɗauki guda ta tsinke, ya juya ta, ya kai hanci, ya rufe ido ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, wannan ya cika kwanansa shida." Kafin in yi masa kashedi ya gatsa, ruwan ya gangaro masa a gemu, ya yi salati yana dariya, ya tambaye ni ko wane ne ya shiga ciki ya zuba. Jan ɗan itacen bai yi masa ba, ya ce ƙanshin turare yake yi, ya miƙa wa jikansa. Ya sa aka kai sauran cikin gida, ya ce a wanke gwangwanin a dawo masa da shi. Na buɗe baki in ce aro ne, na ga yadda yake gwada murfin yana jin daɗin yadda yake kamawa, na yi shiru. A ciki ya riƙa ajiye goronsa, da ɗan jiƙaƙƙen tsumma a kai, har ya rasu.